Ƙofa Ɗaya, Gida Biyu

Ruwan Yuli na dukan rufin asibitin Temuco,
hayaƙin murhun itace ya kwanta kan unguwanni.
Na karɓi aikin yamma da rigar sanyi biyu.
A gado na bakwai ga Fresia Painemal,
mai sayar da ƙyafaffen barkono a bakin tasha,
idanunta rawaya kamar an jiƙa su da gangamau.
Tsakuwa ce, ba ta kai ƙwayar wake ba,
ta tsaya a hanyar da ɗacin hanta ke bi.

Ta ce, yanka ni za a yi?
Na ce ta baki za a shiga,
da siririn bututu mai ido a goshi,
a wuce tumbi, a tsaya bakin wata ƙofa.
Ƙofar ɗaya ce, gida biyu ke amfani da ita.
Ɗaya shi muka zo sharewa.
Ɗayan na maƙwabciya ne, fankiriyas,
tana kwance can baya, ba ta ce wa kowa uffan.
Amma a buga mata ƙyaure bisa kuskure,
sai ta juya ta ci namanta don fushi.

Ban ba ta labarin Marisol ba.
Shekara goma sha ɗaya ke nan,
malamar makaranta, ta shigo da ƙafarta.
An fitar da tsakuwa, har mun yi barka,
da tsakar dare ciwo ya huda ta har gadon baya.
Garin gyaran gira.
Ragowar maganar ba na iya ƙarasa ta.

Shi ya sa ba na gaggawa da ƙananan abubuwa.
Na kawo ɗan maganin da ake sawa ta ƙasa
tun kafin a taɓa komai.
Ta juya fuska bango,
ta zage ni a hankali da yaren kakarta.
Na ce na ji, na gode.
Na rataya ledar ruwa, na buɗe mata hanya sosai,
don ƙasar da ta sha
ba ta saurin kama wuta.

Likita Quilodrán ba ya magana in yana aiki.
A allon hoto muka ga wayar, siririya kamar gashi,
ta saki hanya, ta leƙa gidan maƙwabciya.
Ya ja da baya.
Ta sake leƙawa.
Na ce, biyu, da ƙarfi, don aikina ne in ƙirga.
Wani da sai ya dage, girman kai ya tura hannu.
Shi ya tsaya, ya sauke numfashi,
ya bar mata ɗan bututu kamar tsinken tsintsiya
don ruwanta ya samu mafita ko ƙofa ta kumbura.
Ban haƙuri ke nan, irin na masu farin kaya.
Sannan ya bi ɗaya hanyar.
Tsakuwa ta faɗo, ɗaci ya biyo ta, baƙi, mai kauri.

Sauran aikin na dare ne, kuma nawa.
Ƙarfe goma na danna cikinta. Laushi.
Sha biyu, na tambaya, bayanki fa?
Ta ce bayana yana son a bar shi ya yi barci.
Ƙarfe uku na sauya leda.
Ɗanta Nahuel yana gyangyaɗi a benci, hula a gwiwa.
Na tsaya ina sauraron abin da bai zo ba.

Da gari ya waye ta nemi burodi da ruwan zafi,
tana mitar wa zai buɗe mata rumfa.
A takarda na rubuta: babu abin da ya faru.
Kalma biyar.
Ba wanda zai san nauyinsu sai ni,
da maƙwabciyar da ta kwana ba ta farka ba.